Ranar da Tsinke Ta Ji Yunwa

Akuyarmu ta mutu wajen haihuwa, ta bar mana 'yar jaririya wadda ko kai ba ta iya ɗagawa. Don sirantar ƙafafunta matata ta sa mata suna Tsinke. 'Yarmu likitar dabbobi ce, Likita muke kiran ta, ita ta zura mata siririn bututu har ciki ta ɗura mata madara. Da ta farfaɗo aka koma sirinji, ana ɗiga mata a gefen baki.

Madarar gwangwani ta fara sa ta zawo, sai maƙwabcinmu kafinta ya ara mana akuyarsa wadda ɗanta ya mutu. Likita ta ce kwana uku muke da su. In Tsinke ba ta kama nono ba, zai ƙafe, ita kuma ba za ta kai labari ba.

Aka kai ta gindin akuyar. Ta shinshina, ta yi hamma, ta kwanta.

Likita ta zaunar da mu ta ce hanji yana da wasu sinadarai da ake kira homon, yana aika su cikin jini kamar 'yan aike. Wani ya je ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wani ya ce ciki ya koma wayam. Jaririn da ake ta ɗiga wa madara ba hutu, ɗan aiken yunwarsa barci yake yi. Ta kafa doka: kullum kafin a kai ta gindin akuyar, awa huɗu kada a ba ta komai.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na kara kunne a cikin Tsinke ko zan ji sawun 'yan aiken nan, na ji ƙugi kamar ana jan kujera a wani ɗaki mai nisa. Tausayi ya kama ni. Na ɓoye sirinji a aljihu, ina zagayawa rumfar awaki ina ɗan ɗiga mata.

Kwana biyu ba ta kama ba. A na uku da hantsi na tura ƙyauren rumfar, sai ga matata a tsugune, sirinji a hannunta, Tsinke a cinyarta.

"Malam, me ya kawo ka?" in ji ta.

"Abin da ya jiƙa miki zane."

Ta dubi aljihuna, madara ta yi masa taswira. Muna cikin dariya Likita ta shigo. Ta latsa cikin Tsinke ta ji shi tam, ta ce ita da ma ta yi mamakin mai azumin da ke ƙiba. Ta karɓe sirinjin biyu, ta ajiye mu a benci, ta ba uwarta tsohuwar rigata ta ɗinka maɓallai, ni kuma ta ce in riƙe zare.

Awa ta uku Tsinke ta fara kuka, siririyar murya mai shiga ƙashi. Matata ta yunƙura, na taka mata gefen zane. Can na yunƙura, ta nuna mini allura.

Sai kukan ya tsaya. Muka leƙa ta tsagar ƙyaure, kaina bisa nata. Tsinke ta durƙusa ƙarƙashin akuyar, tana tunkuɗar hantsa da goshi, wutsiyarta na kaɗawa kamar za ta cire. Akuyar ta waiwayo, ta daɗe tana shinshinar ta, sannan ta gyara tsayuwa ta ci gaba da tuƙa.

"Baba, matsa in gani mana," in ji Likita daga bayanmu.