Baiwa a Ƙetaren Gulbi

Akwatuna na jere a tsakar gida, rigar sanyin Baiwa mai hular gashi tana ninke a kan na sama, amma mai rigar ba ta gidan. Sharifa ta leƙa ɗakin surukarta Goggo, ta tarar da tabarma a naɗe, babu buta, babu mayafi. Ta duba bayan rumbu, ta duba wajen awaki inda yarinyar ta saba tsugunawa. Babu kowa.

Da azahar jirginsu zai tashi daga filin jirgi na Ambursa zuwa Abuja, daga can su wuce arewacin Suwidin, inda mijinta Abdussamadu yake koyarwa, ita kuma take aikin jinya. Baiwa, 'yarsu tilo mai shekara shida, da ciwon sikila aka haife ta. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe garin, ciwon sai ya tashi ya kama mata ƙasusuwa. Shi ya sa duk hutun ƙarshen shekara suke gudu kudu. Bara a wani garin bakin teku a Sifen suka fake. Bana Sharifa ta ce tunda gudun sanyi ake, gara a gudo gida gaba ɗaya. Tun da suka sauka Argungu kuwa, ko ciwon kai yarinyar ba ta yi ba.

A zaure ta sami Maigandi, ƙanin mijinta, yana juya makullin mota a hannu. Ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Maigandi, ina Goggo ta kai mini 'ya?"

Ya ce, "Sun ƙetare gulbi tun da asuba, Anti. Tunga tat tahi da ita, wurin danginta. Ta ce kar in hwaɗa miki sai jirgi ya tashi."

"A kwalekwale? Da wannan sanyin safiyar?"

Ya buɗe mata mota.

Suna hanyar bakin gulbi Abdussamadu ya kira ta bidiyo daga Suwidin. A fuskar wayar ta hango tagar ɗakinsu a bayansa, fari fat, rana ba ta ko leƙo ba. Yana murmushi yana ce mata ya gyara na'urar ɗumama ɗakin Baiwa.

"Goggo ta ɗauke ta," in ji Sharifa.

Murmushin ya ɓace. Can ya ce, "Ki bi ta a hankali, don Allah. Kin san abin da idonta ya gani."

Ta sani. Kafin a haifi Abdussamadu, Goggo ta binne 'ya'ya biyu da wannan ciwo, a zamanin da ba wanda ya san sunansa a unguwar. Amma Sharifa ba ta da sauran haƙurin da za ta ara wa kowa. Ta kashe wayar.

Mai fito ya tura kwalekwalen cikin ruwa, hazo na kwance a kan gulbin. Duk sa'ad da ya tsoma filafili sai ruwa ya fantsamo mata a hannu, ta ji sanyinsa har cikin ƙashi. Ta kalli inda ta san Baiwa ta zauna da asuba, daidai bakin jirgin, don yarinyar ba ta ganin ruwa ta ƙyale.

Tun kafin su ratsa gonakin shinkafa su kai tungar ta jiyo kukan. Ba kukan rigima ba ne. Siriri ne, mai yankewa yana dawowa, irin wanda ya sha tayar da ita a Suwidin. Ta cire takalmanta ta sheƙa a guje a kan kunya.

Baiwa na kwance a bukka kusa da wuta, ta ƙanƙame gwiwoyinta. Jiƙaƙƙiyar rigarta na rataye a jikin dangar kara. Goggo na durƙushe a kanta, ta lulluɓa mata mayafinta da zanenta na sama.

"Ruwa ta taɓa kawai," in ji tsohuwar. "Wasa takai da ruwa, jirgin yaz zunkuɗa."

Sharifa ba ta dube ta ba. Ta taɓa goshin yarinyar, ta duba idonta da tafin hannunta, ta ciro magani daga jaka ta ba ta da ruwan ɗumi.

"Ni dai na ga ɗiyar nan tana gudu, tana cin tuwo," Goggo ta ci gaba. "Ke da bakinki kin ce can kwana takai tana kuka. Mi za ku koma yi da ita cikin ƙanƙara?"

"Can akwai likitanta, Goggo. Akwai jini a ajiye idan ta buƙata. Babu sauro."

"Amma akwai abin da ka tada ciwon."

"Nan ma ga shi akwai."

Maganar ta fita kafin ta riƙe ta. Goggo ta sunkuyar da kai.

Maigandi ya saɓi yarinyar a naɗe cikin bargo. A kwalekwalen Goggo ta zauna ta gefen da ruwa ke fantsamowa, ta kare ta da bayanta, har suka kai gaɓa zanenta na ɗiga. Sharifa ta ce a wuce Birnin Kebbi kai tsaye, babban asibiti. Da suka zo mararrabar filin jirgi a Ambursa, Maigandi ya rage gudu kaɗan, ya dubi madubi. Ta girgiza kai. Ya taka mota.

Sai bayan la'asar ciwon ya lafa. An sa wa Baiwa ƙarin ruwa, likita ya ce jininta bai yi ƙasa sosai ba, amma a bar ta ta kwana biyu a gani. Abdussamadu ya sake kira yana tambayar yaushe za a sake sayen tikiti. Sharifa ta ce masa ba ta sani ba tukuna, kuma gaskiya ta faɗa.

Goggo ta ƙi shigowa ɗakin. Tana zaune a dandamalin baranda, tun safe ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Baiwa ta buɗe ido. "Mama, ƙafata. Goggo ta iya matsawa."

Sharifa ta fita ta tsuguna gaban surukarta.

"Tana kiranki."

"A'a. Hannuna ya isa haka."

"Ke take so, Goggo."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta bi ta har bakin gado. Ta miƙa hannu za ta taɓa ƙafar, sai ta janye, ta kai shi kuncinta ta ji. Sanyi ƙalau. Ta tsaya tana duban yatsunta, ta rasa inda za ta sa su.

Sharifa ta kama hannayen biyu ta haɗa cikin nata. Ta shiga murza su a hankali tana hura musu iska, har suka yi ɗumi, sannan ta ɗora su a kan ƙafar yarinyar.