Lambar Mai Inji

A layin kafintoci Mai Ido ake ce masa. Shekara talatin yana sayen katako, ba a taɓa cusa masa mai gara ba. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kasa kunne, ya ce a mayar. Sunan nan ya fi masa shagon daraja.

Shi ya sa da ya ga injin yankan katako a wata kasuwar intanet, a rabin farashi, bai nemi shawarar kowa ba. Mai injin ya ce su bar manhajar kasuwar su koma waya, wai masu kasuwar sun cika yankar kamasho. Ya turo bidiyon inji yana gurnani, kowace magana da ranka ya daɗe. Mai Ido ya tura kuɗi kai tsaye cikin asusun mutumin. Sai aka ce direba ba zai tashi ba sai mai saye ya ba da tauraro biyar ya rubuta yabo. Da hannunsa ya rubuta cewa mutumin kirki ne, kaya sun iso lafiya, alhali ko ƙurar injin bai gani ba.

Bayan sati uku, wata Asabar, Auta ta gano. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tana aiki a shagon gyaran waya, kuma shi ya miƙa mata wayarsa don ta goge tarkacen da suka cika ta. Ta ga saƙonnin a jere: mota ta lalace, direba ba lafiya, an rufe hanya. Ta bincika hoton injin, ta same shi a shafi huɗu, kowanne da sunan wani.

A bayan shago ta gaya masa, tsakanin tulin garin katako da gwangwanayen fenti. Ta nuna masa wurin kai ƙara a manhajar, ta ce aikin minti biyu ne: a tura hoton saƙonnin, a goge yabon nan, a kira banki. Ko kuɗin bai dawo ba, za a rufe shafin kafin wani ya faɗa. Ya saurare ta yana goge bakin zarto. Da ta gama ya karɓe wayarsa, ya ce duk abin da ya shiga ofis ya shiga kunnen layi, kuma in ta taɓa maganar nan, ba shi ba ita.

Suna cikin haka Mai Kushin ya leƙo. Maƙwabcin shago ne na shekara ashirin, shi ke lulluɓe kujerun da Mai Ido ya haɗa, Auta kuwa Kawu take ce masa tun tana rarrafe. Ya tambayi inda injin ya kwana, ko da ƙafa yake tahowa. Kafintoci biyu da ke bakin ƙofa suka yi dariya. Mai Ido bai ko ƙifta ido ba. Ya ce inji yana ma'ajiya, sai an gyara wutar shago za a kawo shi.

Mai Kushin ya ce dama ya ga yabon da ya rubuta. Mutumin yana da babban keken ɗinkin leda, shi kuwa nasa ya mutu tun watan jiya, da allura yake ɗinki. Ya buɗe tafin hannunsa, duk huji da tsagewa. Ya ce ya sayar da babur ɗinsa jiya, lambar wayar mutumin kawai yake so.

Mai Ido ya ɗaga kai ya kalli 'yarsa, kallo ɗaya. Sannan ya karanto lambar dalla-dalla, har da maimaitawa, kada a yi kuskure.

Auta ta fice ta nufi gida. A gida uwarta ta riƙe mata hannu, ta ce ɗiyar kirki ba ta kunyata ubanta gaban mutane, a rufa masa asiri, komai zai wuce. Rufin asiri! Da shi ɓarayin nan suke cin abinci, ba da wayonsu ba. Auta ta yi shiru Asabar, ta yi shiru Lahadi.

Litinin da safe ta kai ƙarar daga wayarta, ta wuce shagon Mai Kushin ba tare da ta gaida ubanta ba. Ta same shi yana share kusurwar da zai ajiye sabon keke. Ta faɗa masa komai. Ya yi murmushi, ya ce ai tun yammacin Asabar ya tura kuɗin.

"Kawu, ba ka bincika ba?"

"In Mai Ido ya ƙwanƙwasa ya ce babu gara, wa zai sake dubawa?"

Ya kira lambar a gabanta, a kashe. Ya sake kira. Sai ya zauna kan ƙwarangwal ɗin wata kujera, tsintsiya a hannu. Kafin rana ta raba an cire shafin daga kasuwar. Abin da ya gagara sati uku ke nan.

Ta ce su tafi banki yanzu, ita za ta cike masa takardun. Abin da ya roƙe ta shi ne kada matarsa ta ji, kada layi ya ji. Zai ce babur yana wurin makaniki.

Ta koma shagon ubanta. Yana goge ƙafar tebur da samfefa, a natse. Ta ce ya san ramin da ya tura amininsa, da idonsa buɗe.

"Na sani," in ji shi. Ya hure ƙurar ya duba aikinsa. "Da can ni kaɗai ne. Da ya ji, shi zai fara yi mini waƙa a layin nan. Yau bakinsa ya rufe. Mutuwar yawa kaka ce."

Da yamma Mai Kushin ya kulle shago ya kama hanya a ƙafa. Mai Ido yana zaune a bakin ƙofa cikin kafintoci. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya tambaye shi ina babur.

Mai Kushin ya tsaya. Ya ce yana wurin makaniki.

"Allah ya sa ya gyaru," in ji Mai Ido.