Hatsin Cikin Tano

Shekara ashirin da biyu Kalilu ya yi yana shiga ramin yuraniyom a Akokan, kusa da Arlit. Da aka rufe ramin aka ba shi kuɗin sallama, bai sayi mota ba, bai tafi haƙar zinariya ba kamar abokan aikinsa. Shi mutumin Tawa ne, hatsi ya sani. Da kaka ya sauka kudu ya sayo gero kamiyo guda, wato babbar mota cike, ya kawo Arlit ya ajiye, yana jiran bazara.

Don gudun ɓera da ƙwari, sai ya je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya sayi tano arba'in, manyan gangunan ƙarfe, ya juye geron ciki ya liƙe bakinsu. Har yabon kansa yake yi wai ya yi dabara. Mutumin da ya tsufa a rami, bai tsaya ya tambayi daga ina ƙarfen ya fito ba!

Sai aka rufe iyakoki, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Matarsa Mairamu tana ta roƙonsa ya fasa ko tano ɗaya ne su ci, shi kuwa yana cewa a ƙara haƙuri, farashi bai gama hawa ba.

Alkassoum, babban mai shagon hatsi a kasuwa, ya zo sau biyu yana taya geron. Kalilu ya ce, "Ba ni saidawa, Alhaji. Sai ya kai inda nika so."

Zuwa na uku bai zo shi kaɗai ba. Bayan sallar Juma'a ya taho da jama'a, riƙe da irin na'urar nan da ake auna gubar ma'adini da ita. Ya kara ta jikin tano, ta hau ƙara ƙyat-ƙyat-ƙyat ba tsayawa.

"Kun ji da kunnenku," in ji Alkassoum. "Ƙarfen rami ne. Wannan gero, ko akuya ya ci, ya mutu."

Kalilu ya rantse cewa a garin nan ko takalminsa aka auna sai na'urar ta yi kuka. Ba wanda ya saurare shi. Kafin la'asar labari ya gama gari, mata suna jan 'ya'yansu idan za su wuce ƙofar gidansa. Wata guda cur ko tiya ɗaya bai sayar ba.

Ƙarshenta Alkassoum ya dawo da fuskar tausayi, ya ce zai kwashe ya zubar a daji, saboda Allah. Abin da ya ba Kalilu ko kuɗin motar da ta kawo geron bai kai ba. Kalilu ya karɓa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Bayan sati biyu ya bi ta kasuwa, ya tarar da layi a shagon Alkassoum, sababbin buhuna jibge har rufi, alhali babu kamiyon da ya shigo daga kudu. Ya ja Alkassoum gefe.

"Alhaji, ka ce guba ne."

"Ni tano na auna, Malam Kalilu, ban auna gero ba." Ya yi murmushi. "Je ka faɗa musu in kana so. Kowa ya san wa ya zuba shi ciki."

Sannan ya sa aka ɗora wa Kalilu rabin buhu a ka, a gaban mutane, ya ɗaga murya ya ce sadaka ce.

Kalilu ya so ya jefar, amma tun jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Da ya sauke, Mairamu ta damƙi geron ta duba, ta dube shi.

"Malam, wanga mai lafiya ne?"

Bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya. 'Ya'yansu suna tsaye suna kallon buhun.

Ya ce, "Ki daka."