Sikelin Gida

Likitan ƙashi bai yi wa Malama kwana-kwana ba. Ya ɗaga hoton gwiwarta ta dama a gaban fitila, ya ce guringuntsin ya cinye, sai an yi aiki. Amma ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga kilo ɗari da huɗu a kan ƙafa, shi kam ba zai sa mata wuƙa a haka ba. In ta sauke kilo goma cikin wata huɗu, ranarta na nan a ajiye. In ba ta sauke ba, za a ba wani, ita kuma ta koma ƙarshen layi.

Shekararta hamsin da uku, lissafi take koyarwa, ajinta kuma yana saman bene. Matakala ashirin da biyu ce, kullum sai ta tsaya sau uku tana yi kamar wani abu take nema a jaka. Ta san in gwiwar nan ta ƙara shekara a haka, alli ya bar hannunta ke nan.

Mijinta gyaran sikeli yake yi a wani ɗan shago kusa da kasuwa, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Sikeli yake ce masa. Mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa. Mahauta da masu hatsi sun sha roƙonsa ya ɗan karkatar musu da allura, ya kore su har da zagi. Washegarin ganin likita ya shigo da wani tsohon sikeli mai faranti a ƙasa da fuska irin ta agogo a kan sanda, ya goge shi tas, ya kafa a lungun falo.

Suka fara fita da sassafe. Ranar farko ko shagon mai wanki ba ta kai ba, ta zauna a kan dakalin wani tana haki kamar wadda kare ya biyo. Shi yana biye da gorar ruwa, da alewa biyu a aljihu ko da sukarinta zai faɗi. Ta bar burodi, ta bar sukari a shayi, shinkafa sai ɗan cokali uku kamar magani. Mako biyu cur, allurar ba ta ko motsa ba. Malama ta wurga takalman tafiyarta ƙarƙashin gado, ta yi kuka mai isarta, ta ce wahalar banza ce, gara gwiwar ta kashe ta a zaune.

A mako na uku ya lallaɓa ta. "Malama, hau sau ɗaya kawai, don Allah."

Ta hau tana harararsa. Kilo ɗaya da rabi ya tafi.

Daga nan abin ya kama hanya. Duk Asabar sai allura ta ja baya, wani lokaci rabin kilo, wani lokaci ɗaya. Malama ta kai gidan mai, ta wuce gidan mai, ta kai gada. To, ɗan Adam da samun wuri. Ta mayar da rabin cokalin sukari a shayi, sikeli bai yi gardama ba. Ta mayar da yanka biyu na burodi, ta yafe wa kanta tafiyar Talata da Alhamis, allura na ci gaba da sauka. A ɗakin malamai har lacca take ba abokan aiki, wai sirrin shi ne kada mutum ya takura wa kansa. Ta lura siket ɗinta bai yi sako-sako yadda ta zata ba, amma tsakanin siket da sikelin mijinta ai ba a tambayar wanda za a gaskata.

Ranar komawa asibiti ta hau sikelin gida, casa'in da uku. Ta kira 'yarsu a waya ta ce ta nemi hutu a wurin aiki, jinya ta taso.

Nas ɗin da ke awo ta duba, ta rubuta. "Ɗari cif."

Malama ta yi dariya. "'Yata, sikelinku ya lalace."

"Mama, jiya aka duba shi."

"To wanda ya duba bai san aikinsa ba. Ga mai sana'ar nan a bayana, shekara talatin yana yi. Malam, gaya mata."

Ta ɗaga murya sosai, masu jira a benci duk sun juyo. Nas ta ja ta zuwa ɗaki na gaba, ta hau wani sikelin. Ɗari. Malama ta waiga tana jira mijinta ya ɗaure mata gindi, sai ta gan shi tsaye a bakin ƙofa, riƙe da jakarta, yana kallon takalmansa. Shekara ashirin da takwas ta yi tana gane fuskar wanda ya yi satar amsa.

Likita ya yaba mata da kilo huɗun, ya ba da haƙuri, ya soke ranar. Sai bayan wata tara.

Da suka shiga gida ta zauna, ta miƙe ƙafar a kan kujera, ba ta ko cire mayafi ba.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun ranar da kika yi kuka." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce bari in ɗan taɓa sikelin, ki samu ƙwarin gwiwa, in kin kama hanya in mayar. Sai na ga kina murna. Duk Asabar in ce yau zan mayar, sai in kasa, in ƙara taɓa shi. Na zata za ki cim masa."

"In cim masa da me? Da burodin da kake sayo mini da hannunka?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ka zauna kana kallona ina zuba sukari. Ka bar ni na tsaya gaban mutane ina rantsuwa da kai. Mahauci ya roƙe ka, ka kore shi, don kada a cuci wanda ko saninsa ba ka yi ba. Ni ce wadda ba ta isa a gaya mata gaskiya ba?"

"Tausayi ne, Malama."

"Tausayin nan ni zan hau bene da shi wata tara."

Abin da ya fi ci mata rai, kuma ta faɗa masa, shi ne kilo huɗun nan nata ne, da zufarta da ciwon gwiwarta ta sauke su. Da ta san huɗu ne, da ta ƙara ɗaure ɗamara, kuma da ta yi murna da su. Yanzu ko su ba ta jin daɗinsu, sun cakuɗe da ƙarya.

Ya tashi jiki a sanyaye, ya ɗauko sukudireba daga akwatin kayan aikinsa. "Bari in gyara shi yanzu."

"Tsaya."

Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta ɗingisa zuwa lungun, ta hau farantin. Allura ta tsaya a casa'in da uku.

"Gyara ina kai."

"Malama, ba haka ake yi ba."

"Yau haka za a yi. Kai ka cire su, kai za ka mayar."

Ya zagaya bayan sikelin, ya buɗe murfin, ya kafa sukudireban. Ya fara juyawa. Casa'in da huɗu. Casa'in da biyar. Ya tsaya, ya ɗago kai ya dube ta ta saman fuskar sikelin, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Malama ba ta dube shi ba, allurar take kallo.

"Saura biyar," ta ce. "Ci gaba."