Tankin Motar Papa Dansu

Shekara tara Senami tana kanikanci a Porto-Novo, da garejinta na kanta a bayan kasuwar Wando, amma ko bonet ɗin motar ubanta ba ta taɓa ɗagawa ba. Papa Dansu ya gwammace ya ratsa gari zuwa wajen Gbeto, bakaniken da ke gyara abu ɗaya ya kwance biyu, da a ce 'yarsa ce ta shiga ƙarƙashin motarsa. In baƙi suka tambaye shi aikinta sai ya ce, "Tana 'yan buge-bugenta," ya sako wani zancen. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Ba komai take so ba illa ranar da zai buɗe baki a gaban mutane ya kira sana'arta da sunanta.

To, ranar Asabar ɗin da za a kai kayan auren yayanta, Fofo Binyon, can Sakete, sai motar ta ƙi tashi.

Tun ƙarfe bakwai aka gama loda ta: atamfofi, goro, buhun gishiri, akwatunan lemo, da ƙatuwar kwalbar sodabi, barasar bammin nan da tsofaffinmu ke zuba wa kakanni a ƙasa kafin su ce sun karɓi kaya. Mama ta naɗe kwalbar da farin ƙyalle ta ɗaure bakinta tamau. Dangin amarya sun ce ƙarfe sha biyu, kuma kawun amaryar mutum ne da in ya tashi daga kujera ba ya komawa.

Papa Dansu ya murɗa makulli ya sake murɗawa, yana jan hanci saboda murar da ta kama shi kwana uku. Motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Maza suka tattare riguna suka tura ta har bakin titi suka dawo da ita, a banza. Aka buga wa Gbeto waya, ashe yana can Abomey wajen jana'iza.

Senami tana zaune a benci cikin ankonta, tana ɓare lemo kamar abin bai dame ta ba. Ƙarya take yi. Tafin hannunta har ƙaiƙayi yake mata.

Tanti Huefa, yayar Papa Dansu, ita ce ta fasa ƙwan. "Dansu, ka ba ni mamaki. Kana da bakanikiya a tsakar gida kana neman wani a waya? Ko sai mun kai kayan a ka?"

Ya fyace hanci, ya dubi agogo, ya dubi ɗansa da ke ta zufa cikin sabuwar riga. Bai dubi Senami ba. "Ta duba," in ji shi. "Amma kar ta kwance min komai."

Kafin ya rufe baki ta ajiye lemon. Ta buɗe murfin tanki ta kara kunne, ta ce wa Fofo ya murɗa makulli rabi kawai. Famfon mai in yana da rai, da an murɗa yake yin ɗan gurnani kamar sauro. Ba ta ji komai ba. Ta duba fiyus, lafiyarsa lau. Ta sake kara kunne, shiru.

"Papa, famfon mai ne ya mutu. Yana cikin tanki, kuma wannan motar ba ta da ƙofar kaiwa gare shi a ƙarƙashin kujera. Sai an sauke tankin gaba ɗaya."

"Yau? Na ce kar ki kwance komai."

"To ba na kwancewa. Fofo, je ka nemo baro."

Tanti Huefa ta tuntsire da dariya. Fofo ya kama hannun uban yana magiya ƙasa-ƙasa, har tsohon ya juya baya ya ce su yi abin da suka ga dama. Lokacin ƙarfe takwas da rabi.

Daga nan gidan ya zama nata. Ta tura ango a kan acaɓa, da sabuwar rigarsa da komai, ya ɗauko mata akwatin sifanu da famfon da ke kan kanta a gareji. Ta sa mata suka janye murhun gawayi zuwa bayan gida, ta ƙwace taba daga bakin wani kawu ta take ta da takalmi. Ta cire kan batir, aka sauke kaya, ta ɗaga bayan motar da jak ta tokare da kututturen kwakwa biyu. Ta tuɓe ɗankwali, ta ɗora tsohuwar rigar Fofo a kan anko. Murna take yi, ba ta ma iya ɓoyewa, har waƙa ta kama ta ƙasa-ƙasa.

"Akwai mai da yawa a ciki?" ta tambaya.

"Kwalba guda na zuba da asuba," in ji Papa Dansu daga inuwa. "Lita ashirin na kpayo, da hannuna."

Kpayo dai shi ne man bumburutun da muke saye a manyan kwalabe a bakin titi, kuma kowane mai mota yana da kwalba ɗaya a ɗakin ajiya. Tanki mai lita ashirin ba ya saukuwa sai an rage masa nauyi. Ta zura tiyo har ƙasan tanki, ta sa baki ta zuƙa kamar yadda ta yi sau dubu.

Abin da ya cika mata baki ba fetur ba ne.

Ta san ɗacin fetur kamar yadda ta san sunanta. Wannan zafi ne mai ƙamshin bammi da saiwoyi, irin wanda ake jiƙawa har ya yi ruwan ɗorawa. Sodabi ne, mai kyau ma kuwa. Nan take ta gano komai. Kwalabe biyu iri ɗaya a ɗakin ajiya, launi kusan ɗaya, asuba ba haske, ga tsoho da toshewar hanci. Ya ɗura wa motarsa barasar surukai, ruwan ya tayar da tsatsar tanki, tsohon famfo ya sha laka ana ta murɗa makulli har ya ƙone.

Dariya ta taso mata har wuya. Shekara tara yana cewa buge-buge take yi, ga shi yau ya faɗo hannunta a gaban yayarsa da duk dangi. Kalma ɗaya za ta faɗa, Tanti Huefa ta ɗauki labarin ta kai shi kowace jana'iza har ƙarshen rayuwarta. Ta ɗago ta hango shi a tsugune yana goge ƙura daga takalmin da ya ajiye musamman don yau. Sai tausayinsa ya kama ta. Ta tofar a ƙarƙashin mota, ta cusa bakin tiyo cikin jarka ta toshe da tsumma.

"Wannan man naku ƙamshi gare shi," in ji kawun da aka ƙwace wa taba, yana matsowa da hanci a sama.

"Tonton, matsa baya, jak ba ya son tsofaffi."

Fofo ya dawo da kaya. Ta shige ƙarƙashi a rigingine, ta zare tiyon bakin tanki, ta cire wayoyi, ta kwance ƙarfe biyun da ke rungume da tankin. Noti ɗaya ya ƙi, ta ɗiga masa manja ta ba shi sifana da dukan diddige har ya saki. Tankin ya sauko mata a kan gwiwa, suka jawo shi waje ita da Fofo. Ta buga zoben saman tankin da guntun katako don kar ƙarfe ya yi tartsatsi, ta zaro tsohon famfo, ragarsa cike da jan laka. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Tsufa ne ya kashe shi," ta ce. "Da ma ya kusa."

Ta zazzage tankin, ta goge cikinsa tas, ta zaunar da sabon famfo, ta gyara robar bakin da yatsa sau biyu. Ƙarfe goma da kwata tankin ya koma mazauninsa. Tana ɗaure notin ƙarshe sai wani tunani ya daskarar da ita. In sodabi yana cikin tanki, to mene ne Mama ta naɗe da farin ƙyalle?

Ta fito da sauri har ta bugi kai. Ta hango kawun amarya a ranta, zaune gaban dangi, ya tsiyaya wa kakanni fetur ya kuma kurɓa. Wannan kam ba ta iya rufe shi ita kaɗai.

"Papa, zo ka riƙe min mazurari."

Ya zo yana gunaguni. Ta ja shi bayan mota inda ba kowa, ta buɗe jarkar ta ɗiga masa a yatsa. "Ɗanɗana."

Ya lasa. Ya tsaya. Ya juya a hankali ya dubi kwalbar da ke cikin farin ƙyalle, sannan ya dube ta, a karon farko tun safe.

"Wa ya sani?"

"Ni da kai da famfon da ya mutu."

"Huefa fa?"

"Za mu ce kwalbar ta tsage, za a sake. Akwai mai dafa sodabi a hanyar Sakete, minti biyar ne."

Su biyun suka kwance ƙyallen a bayan mota. Uban ya riƙe mazurari da hannu biyu, 'yar ta tuntsura kwalbar, fetur ya gangara inda ya kamata ya shiga tun asuba. Ta zubar da ragowar sodabin da ke cikin tiyon inji, ta maida kan batir, ta ce wa Fofo ya murɗa rabi. Gurnanin sauron nan ya taso daga ƙarƙashin mota, kuma ba ta taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. A murɗawa ta huɗu motar ta yi tari, ta yi atishawar farin hayaƙi, ta kama. Mata suka rangaɗa guɗa, Tanti Huefa ta taka rawa da jaka a hammata.

Sun isa Sakete sha biyu da minti goma, da sabuwar kwalba a cikin tsohon ƙyalle. Kawun amarya yana kan kujera tukuna, amma ya riga ya ɗauki sandarsa. Ya dubi agogo, ya dubi baƙin, idonsa ya sauka a kan matar da ke bayansu da baƙin mai har gwiwar hannu da ƙulu a goshi.

"Wannan fa? Ƙaramar yarinyar gidanku ce kuka sa ta tura mota?"

Senami ta sunkuyar da kai, tana jiran ubanta ya ce 'yan buge-buge take.

Papa Dansu ya fyace hanci, ya kamo hannunta mai baƙin man ya jawo ta gaba, har ya ɓata farar rigarsa.

"'Yata ce, Senami. Bakanikiya ce, garejinta yana bayan kasuwar Wando. Ita ke gyara min mota."