Yashi a Kan Farantin Shayi

Tun da ƙarar injin bulo ta cinye mini kunnuwa a unguwar Mahdiya ta garin Sabha, mutanen ɗakinmu suka ɗauka har da hankalina ta tafi. Su suka sani.

Kowace Juma'a 'yata Shafa'atu takan aiko mini da waƙa ta waya daga Tasawa, irin wadda uwarta ke yi in tana daka. Ban taɓa gaya mata na kurmance ba.

Bayan La'asar sai in ɗora farantin shayi a kan 'yar lasifikar abokin aikina Tahiru, in barbaɗa yashin Sabha, in kunna. Sai yashin ya kama rawa. In ta ja murya ya taru a tsakiya, in ta sauke ya watse a hankali. Ina kallonsa sai in ga tsakar gidanmu, da turmin, da inuwar darbejiya.

Jiya ana tsakiyar waƙa yashin ya tsaya cik, ya ɗan yi rawar ɗari, ya sake tsayawa.

Tahiru ya kau da kai, ya yi mini alama wai batir ne ya yi sanyi.

Na ture hannunsa. "Batir ɗin me? Ni na haife ta. Kuka take yi."