Noti na Biyar

Ran tara ga Mayu injin jirgin ruwan Veikko ya ƙi tashi. Tokar gawar matarsa Aune na cikin tulu a kujerar gaba. Ya yi mata alkawarin kai ta tsibirin iyayenta da zarar ƙanƙara ta narke.

Ƙaninta Raimo, makanike a tashar jiragen garin, ya leƙa da tocila, ya yi fito.

"Farfesa, injinka ya tsage kamar ƙwai. Ruwa ka bari a ciki, sanyi ya daskarar da shi."

"Shekara talatin da ɗaya ina tsiyaye shi da hannuna kafin hunturu," in ji Veikko. "Ban taɓa kawo muku shi ba, mahautan injuna. Notin tsiyaye ruwan huɗu ne, duk na kwance su."

"Biyar ne."

"Huɗu. Na karanta littafin."

"Wane littafi ne ba ka karanta ba? Na biyar yana can ƙasa, bayan famfo. Hannunka ba zai shiga ba, nawa ma haka. Na Aune ne ke shiga."

Veikko ya tsaya da sifana a hannu, baki buɗe.

Duk Oktoba, in ya gama aikin ya dawo gida yana cika baki a kan kofi, sai Aune ta miƙe ta ce ta manta safar hannunta a jirgi. Duk shekara. Har a gaban baƙi yakan ba da labarin, ya ce ya auri macen da safa ɗaya ta gagare ta riƙewa. Ita ma takan yi dariya.

"Ka sani?" in ji Veikko.

"Duk tashar nan an san na biyar take komawa kwancewa. Cewa ta yi wanda ya faɗa maka, ita da shi." Raimo ya kashe tocila. "Ɗauko ta, mu tafi a nawa jirgin."

Veikko bai motsa ba. Oktoban bara Aune na asibiti. Ta kama hannun rigarsa ta ce, "Safata, Veikko. Ƙarƙashin injin. Je ka duba." Ya zaci magani ne ke sa ta sambatu. Ya gyara mata bargo ya ce zai sayo mata sabuwa.

Ya rungumi tulun, ya bi Raimo. Shekara talatin yana koyarwa a makaranta, amma kalma biyu ba su taɓa fita bakinsa zuwa gare ta ba: nuna min.